Kundin kajin ƙwai a Tumfure, jihar Gombe: gwajin ɓawo da gwaiduwa, bazarar 2025

22 ga Fabrairu

Daga yau zan riƙa rubuta lissafin kajin nan a tsare, domin fashewar ƙwai ta fara cinye ribar. Kaji 240 ne, nau'in Isa Brown, sun shiga mako na 46, ina kiwonsu a ƙasa kan ɓuntun shinkafa a bayan gida. Yawan ƙwan ba laifi, kullum ana tsintar kiret shida da rabi ko kusa da haka. Amma a cikin kowane ƙwai 100, wajen 7 ko dai tsagagge ne, ko ɓawonsa ya yi laushi har yatsa na lotsa shi. Kiret mai kyau ina bayarwa ₦5,200. Tsagagge kuwa mai shayi ba ya wuce ₦3,500, shi ma sai in a ranar aka kai masa. Ga kuma wata mai yin kek a Jekadafari da ke ƙorafin cewa gwaiduwar ta koɗe, kek ɗinta ba ya fitowa da launi.

Mai shagon maganin dabbobi ya miƙo mini wani gari a leda, wai yana ƙara ƙwai yana kuma ƙarfafa ɓawo. Da na karanta bayan ledar, bitamin ne aka haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ban saya ba. Kajina ba su da ciwo, kuma irin wannan magani yana sauka cikin ƙwan, a ƙarshe cikin 'ya'yan mutane zai shiga.

Da yamma likitan dabbobi ya zo. Ya fasa ƙwai, ya duba abinci, ya tambayi lokacin da nake zuba musu. Na ce da safe da kuma azahar. Sai ya ce, "Hajiya, kaza da dare take yin ɓawo, ke kuma da dare cikinta babu komai." Bayaninsa shi ne, ƙwai ɗaya yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala, kuma kusan awa 20 daga ciki a wajen da ake yi masa ɓawo yake zama, yawanci daga yamma zuwa asuba. Kowane ɓawo yana cin kimanin giram 2 na sinadarin kalsiyam. In babu a hanji a wannan lokaci, sai ta ɗebo daga ƙashinta. Garin laimston, wato farin dutse mai kalsiyam, da ake zubawa a abinci yana wucewa da wuri, amma tsakinsa, mai girman ƙwayar dawa, yana zama a ƙundu yana narkewa a hankali har gari ya waye. Ya ƙara da cewa shekaru ma na da nasu: kaza na girma ƙwanta na ƙara girma, amma ɓawon da take iya yi bai ƙaru ba, sai ya yi siriri.

Na yanke shawarar gwadawa da kaina, in raba su uku, in ga abin da lissafi zai nuna.

26 ga Fabrairu

An raba su da waya, 80 a kowane ɗaki. Da dare muka yi rabon, ni da ɗan yayata da ke kula da su, muna ɗauka ba zaɓe, don kada manya su taru a wuri ɗaya.

Ɗakin gabas zai ci gaba da cin abincinsa kamar da. Ɗakin tsakiya za a ƙara masa tsakin laimston giram 3 ga kowace kaza, wato giram 240, bayan la'asar. Ɗakin yamma shi ma laimston ɗin, sannan garin zogale kashi 2 cikin 100 na abinci.

Da gangan na bar na gabas ba ƙari. Shi ya fi sanyi, na yamma kuwa rana tana dukan bangonsa tun daga azahar. In masu ƙarin suka fi kyau alhali su ne a wurin zafi, to ba wanda zai ce mini inuwa ce ta taimake su.

Samun tsakin ya ba da wahala. Duk shagunan da yaron ya shiga gari ne suke da shi, laushi kamar yadda masu haɗa abinci ke so. A ƙarshe aka samu buhu mai gauraye, muka tankaɗe da rariya, muka ware mai tsaki. Abin mamaki ne a ce a jihar da dutsen nan yake jibge a Ashaka ana wannan nema. Likita ya gargaɗe ni kada in karɓi kowane farin dutse don kawai yana da arha, wani yana da magniziyam da yawa, zawo zai sa su, ɓawon kuma ya ƙara lalacewa.

Kashe kuɗi: waya da katako ₦31,000, laimston kilo 50 ₦6,500, ƙaramin sikeli mai nuna giram ₦9,000, ma'aunin zafi biyu ₦9,000. Zogale ɗanye daga masu lambu na wajen Dadin Kowa ₦12,000, an shanya a inuwa cikin zaure. Wanda aka shanya a rana yana koɗewa, kuma launin nan shi nake nema.

1 ga Maris

An tashi da azumi, gwaji ya fara. Kowane ɗaki kilo 9.2 na abinci a rana, wato giram 115 ga kaza. An canja lokacin zubawa ga dukansu: kaɗan da asuba bayan sahur, mafi yawa bayan la'asar. Fitila daga 4:30 na asuba zuwa 8:30 na dare, awa 16 ke nan da hasken rana.

4 ga Maris

Ba wani sabon abu. Na tsakiya sun tsince tsakin tas. Na yamma sun ɗan yi wasa da abinci saboda ɗacin zogale, suna tonawa suna barin koren a ƙasan mazubi, amma kafin isha sun share.

9 ga Maris

Yau na koyi auna ƙarfin ɓawo ba tare da an fasa ba. Ana narka gishiri kimanin giram 120 a kowace lita ta ruwa, a gyara har sai lita ɗaya ta ruwan gishirin ta auna giram 1,080 a sikeli. Sai a saka ƙwan da aka yi a safiyar ranar. Mai kaurin ɓawo yana nutsewa, mai siriri yana tasowa. Dole ya zama sabo, don ƙwai in ya kwana iska tana ƙaruwa a cikinsa, ko ɓawonsa na da kyau zai taso.

Na ɗauki 30 daga kowane ɗaki. Waɗanda suka taso: gabas 13, tsakiya 9, yamma 10. Mako ɗaya bai isa a ce komai ba, zan riƙa maimaitawa duk Lahadi. Ƙwan da aka tsoma ba na sayarwa, a gida ake soyawa da buɗa baki, don ruwa yana wanke ɗan santsin da ke toshe ƙofofin ɓawo, daga nan ba ya daɗewa.

15 ga Maris

Gwaiduwar ɗakin yamma ta juya. Na fasa uku-uku a farin faranti na jera, ko yaro zai nuna wanda ya fita daban: na gabas da na tsakiya rawaya ce mai haske, na yamma ta yi ɗorawa sosai. Dalilin koɗewar tun farko, da farar masara ake haɗa abincin, ita kuwa ba ta da sinadarin launin da ke cikin jar masara da koren ganye. Kaza ba ta ƙirƙirar launin gwaiduwa, abin da ta ci shi take zubawa.

Sai dai zafi ya shigo da gaske. Ma'aunin ɗakin yamma ya kai 39 da ƙarfe uku, na gabas 37. Kaza tana sakewa ne tsakanin 18 da 24. Yanzu daga hantsi duk sun buɗe baki suna haki, fukafukai a sake, ba mai kusantar mazubin abinci. Ci ya sauka zuwa kilo 7.8 a ɗaki. Na yi lissafi: abincin yana da kalsiyam kashi 3.6 cikin 100, a giram 115 kaza na samun sama da giram 4, a giram 97 kuwa giram 3.5 ne kawai. Wannan shi ne rabin matsalar. Ɗaya rabin hakin ne kansa. Kaza ba ta gumi, da numfashi take fitar da zafi, kuma tana fitar da iskar kabon fiye da kima, alhali daga wannan iskar jikinta ke samar da abin da ake haɗawa da kalsiyam a yi ɓawo. Shi ya sa ko an cika mata ciki da laimston, in haki ya yi yawa, ɓawon ba zai yi yadda ake so ba.

Inna ta leƙo ta ce, "Ki jiƙa musu kanwa mana, haka muke yi wa dabbobi da bazara." Maganarta ba ta yi nisa da ta likita ba, don abin da ya rubuta bekin soda ne, giram 2 a kowane kilo na abinci, kuma 'yan uwan juna ne da kanwa. Na zaɓi sodar saboda ƙarfinta ɗaya ne kullum, kanwa kuwa kowace da nata kaifin, ga ƙasa a ciki. An sa wa duka ɗakuna uku, don kada gwajin ya rikice.

18 ga Maris

An shimfiɗa zana da karan dawa a kan kwanon rufi, ₦22,000 har da kuɗin aiki. An naɗe tankin ruwa da buhun algarara ana jiƙawa. Ma'auni ya sauka da kusan digiri biyu.

22 ga Maris

Goman ƙarshe ta zo da sauƙi ta wata hanya. Masu kiwo a ƙasashen zafi suna kunna fitila na awa ɗaya zuwa biyu a tsakar dare don kaji su tashi su ci su sha lokacin da gari ya yi sanyi, da sharaɗin a bar duhu na aƙalla awa uku kafin nan da kuma bayan nan. Da ina ganin ba mai tashi ya yi wannan. Yanzu kuwa ɗan yayata yana fita tahajjud, sai ya kunna fitilar sola da sha biyu, maigida ya kashe da ƙarfe ɗaya.

Daren farko na je na tsaya a bakin waya. Fitila na kamawa suka yi ɗan jim, ɗaya ta miƙe ta nufi ruwa, kafin minti biyar ƙarar bakinsu a jikin mazubi ta cika wurin. Ruwan ma a lokacin da sanyinsa, ba irin na rana da ke fitowa daga bututu da ɗumi ba.

29 ga Maris

Ci ya hau zuwa kilo 8.5. Lissafin wata guda, tsagagge da mai laushi a cikin 100: gabas 8, tsakiya 4, yamma 5. Kasuwa ta yi kyau saboda masu cincin da kek na Sallah, ba kiret ɗin da ya kwana. Mai kek ɗin nan ta ce daga yanzu na ɗakin yamma kawai take so, ta kuma yarda da ƙarin ₦200 a kiret.

2 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya ranar Lahadi. Fitilar dare tana nan, an sa mata abin kunnawa da kashewa da kansa, ₦7,500. An karɓo sabon abinci buhu 20, a ₦15,500 kowanne.

8 ga Afrilu

Abu ya ɓaci. Tun ranar Juma'a yaron ya ce, "Anti, ba sa cinye abincin nan." Ci ya faɗi zuwa kilo 7 a duka ɗakunan, har da na dare. Ƙwai daga 195 ya sauko 171, jiya 152. Sun ƙanƙance, gwaiduwar yamma ma ta fara koɗewa duk da zogalen. Kashi ya yi ruwa. Yau da safe an tarar da biyu a mace, ɗaya a gabas ɗaya a tsakiya.

Tsorona na farko cutar Niyukasil ce, don ita ma tana sauke ƙwai ta ɓata ɓawo, kuma lokacin maimaita rigakafinta, wato Lasota, ya matso. Amma babu mai tari, babu mai murɗe wuya, babu koren kashi. Likita ya buɗe gawar a gabana. Hantar ta kumbura, ta yi fari-fari mai maiƙo, yana taɓawa tana dagargajewa. Ya ce a kawo buhun da ake ci. Ya tura hannu can ƙasa ya ɗebo, sai ga dunƙule-dunƙule, ya murje ɗaya ya miƙo mini. Warin funfuna ne, da ɗaci-ɗacin tsohuwar gyaɗa. Daga sama buhun ba ya nuna komai.

Ya ce alamun gubar afulatoksin ne, wadda funfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara in an adana su da laima. An fara sanin wannan guba ma ta hanyar kiwon tsuntsaye ne: a 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ba su abinci mai tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Shanyawa a rana ba ta kashe ta, dafawa ma haka. Hanta take kamawa, kuma a hanta ake haɗa kayan gwaiduwa, a nan ne kuma bitamin D ke fara zama abin da jiki zai yi amfani da shi wajen ɗaukar kalsiyam. Ke nan ta taɓa yawan ƙwai, ta taɓa launi, ta taɓa ɓawo, duk a lokaci ɗaya.

Na kira mai haɗa abincin. Da farko ya ce ajiyata ce, na ce buhunan kwana shida ke nan da zuwa, a kan katako suke, a watan da ko raɓa babu. Daga baya ya amsa cewa waken suya ya yi masa tsada, sai ya cike da tunkuzar da ta daɗe a sito tun bara. Ya karɓi buhu 13 da suka rage ya mayar da kuɗin. Kuɗin buhu bakwai da aka buɗe da asarar ƙwan kuwa ya ce sai haƙuri. Abin ya yi mini ciwo, domin ya san abin da ya zuba, ya kuma san ƙwan nan mutane za su ci. Ƙwan kwanakin nan ban fitar da shi kasuwa ba.

An sayo na kamfani buhu 10 a ₦17,200. An sa maganin da ke kama guba a hanji da bitamin a ruwa, ₦14,000. An ɗage Lasota, don gubar tana raunana garkuwar jiki, rigakafi ba zai kama yadda ya kamata ba. Daga 4 ga wata har sai sun dawo daidai, ba zan sa lissafinsu cikin gwaji ba.

13 ga Afrilu

Ci ya dawo kilo 8.2. Ƙwai 168. Ba a sake rasa ko ɗaya ba.

17 ga Afrilu

Injin rijiyar burtsatse ya ƙone da safe, mai gyara bai samu zuwa ba sai bayan la'asar. Masu kura sun yi wuyar gani, unguwa duk neman ruwa ake. Tsakanin sha biyu da biyu da rabi mazuban ruwa a bushe suke, ma'auni yana 41. Da ruwan ya iso an jefa ƙanƙara a ciki, an yayyafa wa rufi da bango, waɗanda suka kwanta aka riƙa tsoma ƙafafunsu a ruwa. Biyar sun mutu, uku daga yamma, kuma duk manya ne masu nauyi, waɗanda suka fi yin ƙwai. A ranar da babu zafi kaza tana shan ruwa kusan ninki biyu na nauyin abincinta, a irin wannan rana kuwa ya wuce haka nesa. Kaji 233 suka rage.

Gyaran inji ₦48,000. An sayi durom biyu na roba da za su zauna cike a inuwa, ba a taɓa su sai irin wannan rana, ₦36,000.

19 ga Afrilu

Sakamakon ranar Alhamis ya fito a ƙwai: jiya da yau an tsinci marasa ɓawo guda 11, fata ce kawai a jikinsu. Bakwai daga gabas.

23 ga Afrilu

An yi Lasota da asuba. Ta cibiyar binciken dabbobi ta Vom ce, an kawo ta cikin kula da ƙanƙara. An ɗauke musu ruwa na awa ɗaya kawai saboda zafi, aka dama da ruwan rijiya da ɗan garin madara, suka shanye kafin rana ta fito. Ƙwai 184.

27 ga Afrilu

Na gwada wani ɓangare na ingancin ƙwai da ba abinci ke riƙe da shi ba. Makon jiya na ware ƙwai na rana ɗaya, rabi na bar su a shago inda ake ajiye kiret, rabi a ɗakin ƙasa kusa da randa, tsinin yana kallon ƙasa. Yau na fasa a tire. Na kusa da randa farinsa ya taru ya yi tudu a gefen gwaiduwa. Na shago ya bazu har bakin tire, gwaiduwar ta kwanta, ɗaya ma ta fashe da kanta. Masu bincike suna auna tsayin farin nan su haɗa da nauyin ƙwai, ma'aunin da Raymond Haugh ya fitar a 1937, amma wannan bambanci ido ma ya isa. Ƙwai yana fitar da ruwa da iska ta ƙofofin ɓawo, zafi kuma yana gaggauta hakan. Mutum zai kashe kuɗi a abinci ya samu ƙwai mai kyau, mako guda a shagon kwano ya mayar da shi na banza. An kwashe kiret duka zuwa ɗakin ƙasa, tsinta kuma ta koma sau huɗu a rana.

4 ga Mayu

An yi yayyafi a daren jiya, gari ya ɗan sassauta. Na rufe zagaye na farko. In aka cire kwanakin gurɓataccen abinci, tsagagge da mai laushi a cikin 100: gabas 9, tsakiya 4, yamma 5. A ruwan gishiri na yau, cikin 30: gabas 14 sun taso, tsakiya 6, yamma 8. Yawan ƙwai da nauyinsa kusan ɗaya ne a duka ukun, laimston bai ƙara ƙwai ba, fashewa ya rage. Zogale bai nuna wani tasiri a ɓawo ba, aikinsa a launi yake.

Ta fuskar kuɗi, laimston ɗin da ɗaki ɗaya ke ci a rana bai kai ₦50 ba, yana kuma tsirar da ƙwai uku zuwa huɗu. Zogale ya fi tsada da wahala da rani, kuma mai saye ɗaya ce kawai ke biyan ƙarin kuɗi don launi. Masu shayi da 'yan shago ba ruwansu, su dai kada ya fashe a hanya. Don haka zogalen zai tsaya a ɗaki ɗaya.

Ɗaki ɗaya-ɗaya bai isa hujjar da zan ce wa kowa ya bi ba, ga shi zana da soda da fitilar dare duk sun shigo a tsakiya. Zagaye na biyu zai fara 10 ga wata: za a juya, na gabas ya samu tsakin laimston, na tsakiya a cire masa na mako huɗu, in ga ko lissafin zai juya tare da su. Likita ya ce in aka ga mai ɗingishi ko mai kwanciya a tsakiya a mayar musu nan take. Za a dasa zogale 40 a jikin katangar yamma da zarar ruwa ya zauna, ganye ya samu, bangon kuma ya samu inuwa. Ɓuntun ƙasa za a kwashe a zuba sabo kafin damina, wani mai lambu ya riga ya kama takin a ₦2,500 buhu. Duk buhun abincin da zai shigo daga yanzu, sai an zazzage ɗaya an duba har ƙasa kafin a sallami mai mota.